Frederick Banting: likitan da ya samo insulin, da labarin allurar farko da jikin yaro ya ƙi karɓa



Ranar 14 ga watan Nuwamba ta kowace shekara ita ce ranar ciwon sukari ta duniya. An zaɓe ta ne saboda ita ce ranar haihuwar Frederick Banting, likitan ƙasar Kanada wanda shi da abokan aikinsa suka samo insulin, ruwan allurar da masu ciwon sukari ke yi wa kansu. Tarihinsa muka kawo muku yau. Dalilinmu kuwa, a cikin tarihin nasa akwai amsar wata tambaya da ke damun gidaje da dama a nan wajenmu: mutum ya fara allurar insulin, sai wurin ya yi ja, ya kumbura, yana ƙaiƙayi, ko borin jini ya feso masa. To, ya bar allurar ne ko ya ci gaba? Wagga matsala tun ranar farko da aka soka wa ɗan Adam insulin ta bayyana, kuma yadda aka yi da ita a lokacin darasi ne gare mu.

Ɗan manomi, auta a gidansu

An haifi Banting ranar 14 ga Nuwamba 1891 a wata gona kusa da garin Alliston, cikin jahar Ontario ta ƙasar Kanada. Sunan mahaifinsa William, mahaifiyarsa Margaret, shi ne auta. Gidan manoma ne masu kiwo, don haka ya tashi cikin dabbobi da aikin gona kamar kowane ɗan ƙauye. A lakwal ba ya cikin masu zuwa na ɗaya, rubutu ma yana ba shi wahala. Abin da aka san shi da shi tun yana yaro shi ne naci da taurin kai.

A 1910 ya shiga jami'ar Toronto. Gidansu sun so ya zama malamin coci, amma shekarar farko ya faɗi jarrabawa. A 1912 ya koma karatun likita, nan ne ƙafarsa ta tsaya. Da yaƙin duniya na ɗaya ya ɓarke a 1914 ya nemi shiga soja, aka mayar da shi saboda raunin gani, sai a 1915 aka karɓe shi. Saboda ana buƙatar likitoci a fagen daga, aka gaggauta karatun ajinsu, suka gama a watan Disamba 1916. Ya tafi Ingila, daga nan Faransa. A watan Satumba 1918, kusa da garin Cambrai, ɓarɓashin bam ya same shi a hannun dama, amma ya ci gaba da ɗaure wa sojoji rauninsu sa'o'i da yawa kafin ya yarda a ɗauke shi. A kan haka aka ba shi lambar jarumta.

Bayan yaƙi ya koyi aikin tiyata a asibitin yara na Toronto, amma bai samu gurbin zama a can ba. A watan Yuli 1920 ya buɗe ɗakin ganin marasa lafiya a wani gari mai suna London, na Kanada ba na Ingila ba. Kusan wata guda yana zaune ba wanda ya leƙo, abin da ya samu a watan farko dala 4 ne kacal. Don ya rufa wa kansa asiri sai ya kama ɗan aikin koyarwa a jami'ar garin.

Yadda ciwon sukari yake kafin insulin

Kafin mu ci gaba, bari mu ɗan yi bayanin ciwon. Duk abin da muka ci, tuwo ne, fura ce, shinkafa ce, yakan koma sukari ya shiga jini. A bayan tumbi, kusa da saifa, akwai wata tsoka mai ɗan tsawo da likitoci ke kira pankiriyas. Ita ke fitar da insulin, shi kuma insulin shi ke buɗe wa sukari hanya ya bar jini ya shiga naman jiki ya zama ƙarfi. In babu shi, kamar mangaza ce cike da hatsi mabuɗi ya ɓata: abinci na nan jibge, mutanen gida na kwana da yunwa. Sukari ya taru a jini, ya riƙa fita ta fitsari har tururuwa su yanyame wurin, mutum ga ƙishirwa, ga yawan fitsari, ga rama.

Ciwon iri biyu ne manya. Akwai wanda ya fi kama yara da matasa, inda jiki ke daina yin insulin ɗungurungum. Akwai kuma wanda ya fi kama manya, inda insulin ɗin yana nan amma bai isa ba ko ba ya aiki sosai. A zamanin Banting, yaron da ya kamu da iri na farko da wuya ya wuce shekara ɗaya ko biyu. Maganin da ake da shi kawai shi ne na wani likitan Amurka, Frederick Allen: a hana yaro abinci sai ɗan abin da zai riƙe rai. Wasu yaran yunwar ce ke kashe su kafin ciwon.

Tun 1889 wasu likitoci biyu, Minkowski da von Mering, suka cire wa kare pankiriyas, suka ga nan da nan ya kamu da ciwon sukari. Daga nan masana suka gane maganin yana cikin wagga tsoka. Mutane da yawa sun gwada tatso shi. Georg Zuelzer ya gwada a birnin Berlin wajen 1908, Nicolae Paulescu ma ya yi nisa a ƙasar Romaniya. Sukari yakan sauka, amma abu guda ke tare hanya: ruwan da suke tatsowa cike yake da tarkacen nama, in aka yi allurarsa sai zazzaɓi, makyarkyata da kumburi su biyo baya. Kun ga ke nan, tun kafin Banting, ƙin karɓar da jiki ke yi shi ne babban shingen.

Tunanin tsakar dare da karnukan Toronto

Daren 30 ga Oktoba 1920 Banting yana shirya darasin da zai koyar a kan pankiriyas, sai ya karanta rubutun wani likita mai suna Moses Barron. Barci ya ƙi zuwa. Wajen ƙarfe 2 na dare ya tashi ya rubuta ƴan layuka a littafinsa. Tunanin shi ne a ɗaure jijiyar pankiriyas ta kare, ɓangaren da ke narka abinci ya shanye, a bar ƙananan ƙwayoyin da ake zargin su ke yin maganin, sannan a tatse su.

A watan Nuwamba ya kai wa Farfesa John Macleod na jami'ar Toronto, babban masani a kan sukarin jini. Macleod ya ga saurayin bai san aikin bincike ba, bai kuma karanta abin da na gabansa suka yi ba. Sai da Banting ya yi ta zarya kafin ya ba shi wani ɗan ɗaki, da karnuka, da ɗalibi guda mai taimako, Charles Best, ɗan shekara 22. Sun fara aiki ranar 17 ga Mayu 1921.

Aikin bai zo da sauƙi ba. Ga zafi, ga wari, karnuka da yawa sun mutu a hannunsu, Banting ba shi da albashi, har kayansa ya riƙa sayarwa. Ranar 30 ga Yuli suka yi wa wani kare mai ciwon sukari allurar ruwan da suka tatso, sukarin jininsa ya sauka. Daga baya wata karya da suka sa wa suna Marjorie ta rayu kwana 70 ba pankiriyas, da allurar kawai.

A nan ne tashinsa a gidan kiwo ya yi masa rana. Ya san mahauta kan yanka shanu masu ciki, sai ya tafi mayanka ya karɓo pankiriyas ɗin ƴan maruƙan da ba a haifa ba, ya kuwa yi aiki. Kafin ƙarshen shekara suka gano ko na babbar saniya ma yana yi in aka tatse shi da alkol. A watan Disamba Macleod ya shigo da James Collip, masanin haɗa sinadarai daga jami'ar Alberta, aikinsa shi ne ya tace ruwan har ya dace da jikin mutum.

Leonard Thompson da allurar 11 ga Janairu

A babban asibitin Toronto akwai wani yaro, Leonard Thompson, wanda bai wuce shekara 14 ba. Nauyinsa bai cika kilo 30 ba, kamar tiya 12 ta gero. Gashinsa na zubewa, numfashinsa na warin da masu ciwon ke yi in sun kusa suma. Mahaifinsa ya yarda a gwada sabon maganin a kansa.

Banting yana gaggawa, yana tsoron kada a riga shi, don haka ya matsa a yi amfani da ruwan da shi da Best suka haɗa, bai jira Collip ya gama tacewa ba. Ranar 11 ga Janairu 1922 wani likitan asibitin ya yi wa yaron allurar mililita 15 na wani ruwa mai kauri, launin ƙasa-ƙasa, rabi a kowane ɗuwawu. Banting da Best na tsaye a waje, don Banting ba ma'aikacin asibitin ba ne. Sukarin jinin yaron ya sauka daga giram 4,4 zuwa 3,2 a lita, saukar da ba ta taka kara ta karya ba. Ɗaya daga cikin wuraren allurar kuwa ya kumbura ya zama maruru, ba don ƙwayar cuta ta shiga ba, jikin ne ya ƙi tarkacen da ke cikin ruwan. Likitoci suka dakatar da allurar.

A nan ne na gabansu suka tsaya. Su kuwa ba su yanke cewa maganin ne ba shi da kyau ba, sun nemi abin da ke cikinsa wanda jiki ya ƙi. Collip ya duƙufa dare da rana yana canza ƙarfin alkol, har ya kai matakin da tarkacen ke rabuwa, sannan insulin ɗin kansa ya kwanta a ƙasa kamar gari. Ranar 23 ga Janairu, kwana 12 bayan ta farko, aka sake yi wa Leonard allura da ruwan Collip. Sukarinsa ya sauka daga giram 5,2 zuwa 1,2, kusan na mai lafiya. Yaron ya farfaɗo, ya fara cin abinci, ya yi ƙiba. Ya ƙara shekara 13 a duniya yana allurar kullum, ciwon huhu ne ya yi ajalinsa a 1935.

Nasara da rigima

Ba za mu ɓoye muku ba, Banting mutum ne mai zafin zuciya da zargi. Yana ganin Macleod na son cinye masa wahalarsa. Da Collip ya nuna ba zai faɗi yadda ya tace ruwan ba, sai da ta kai su ga cacar baki har da cin kwala, aka raba su, aka sa su sa hannu a takardar yarjejeniya. A watannin da suka biyo baya Banting ya shiga damuwa har ya faɗa shan giya. Ana cikin haka sai haɗin ya ƙi yi da aka zo yin sa da yawa, insulin ya yanke na tsawon makonni, marasa lafiyar da suka fara murmurewa suka koma gidan jiya. Wannan ne ya dawo da shi ɗakin bincike tare da Best har aka sake samo bakin zaren.

A watan Mayu 1922 jami'ar ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin Eli Lilly na Amurka don a yi maganin da yawa. Insulin na lokacin bai da tsabta sosai, kumburi da zafi a wurin allura abin yau da kullum ne. Wani abokin karatun Banting, likita Joe Gilchrist, wanda shi ma yana da ciwon sukari, ya riƙa ba da jikinsa ana gwada kowane sabon haɗi kafin a ba sauran. Kafin ƙarshen shekarar wani masanin kamfanin Lilly, George Walden, ya samo hanyar ƙara tace shi.

Cikin waɗanda Banting ya yi wa magani da hannunsa akwai Elizabeth Hughes, ɗiyar ministan harkokin wajen Amurka na lokacin. An kawo ta a watan Agusta 1922 tana gab da shekara 15, nauyinta kilo 20. Ta tashi, ta yi aure, ta haifi ɗiya uku, ta rayu har 1981.

A watan Janairu 1923 Banting, Best da Collip suka sayar wa jami'ar Toronto haƙƙin mallakar maganin a kan dala ɗai-ɗai, don kada wani ya riƙe shi ya hana talaka. A watan Oktoba na shekarar aka ba Banting da Macleod kyautar Nobel, lokacin Banting yana gab da cika shekara 32, kuma har yau ba a yi wanda ya karɓe ta a fannin likitanci da ƙarancin shekarunsa ba. Ya fusata da aka bar Best, har ya so ya ƙi karɓa, daga baya ya raba kuɗinsa biyu ya ba Best rabi. Macleod shi ma ya raba nasa da Collip. Masu binciken tarihi daga baya sun nuna hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: naci na Banting ne, gumi nasa da Best, jagoranci na Macleod, tacewar da ta sa jiki ya karɓi maganin kuwa ta Collip ce.

Sauran rayuwarsa

Gwamnatin Kanada ta yanka masa dala 7500 duk shekara har ƙarshen rayuwarsa, a 1934 kuma Sarki George na Biyar na Ingila ya ba shi sarautar Sir. Ya auri Marion Robertson a 1924, suka haifi ɗa guda, William, auren ya mutu a 1932. A 1939 ya auri Henrietta Ball. Ya yi bincike a kan ciwon daji da ciwon huhun masu haƙar ma'adinai, amma bai sake samo wani abu mai girman insulin ba, abin kuma ya riƙa cin sa a rai. Hutunsa shi ne zanen hoto. A 1927 ya yi tafiya can arewacin Kanada mai ƙanƙara, ya dawo ya fito fili ya soki yadda wani babban kamfanin fatu ke cutar mutanen yankin.

Da yaƙin duniya na biyu ya zo ya koma soja, yana jagorantar binciken lafiyar matuƙa jirgin sama. Ranar 20 ga Fabrairu 1941 ya tashi daga Gander, a tsibirin Newfoundland, zai tafi Ingila. Injinan jirgin suka lalace, ya faɗi a daji cikin ƙanƙara kusa da Musgrave Harbour. Matuƙin kaɗai ya tsira. Banting ya cika washegari, 21 ga Fabrairu, yana da shekara 49. An binne shi a Toronto. A ƙofar gidansa na London an kunna wata wuta a 1989, da niyyar ba za a kashe ta ba sai ranar da aka samo maganin da zai warkar da ciwon sukari gaba ɗaya.

Aikin tacewa bai tsaya ba

Shekara 60 cur ana tatso insulin daga pankiriyas ɗin shanu da aladu. Sai an tara kusan tan 8 na wagga tsoka kafin a samu kilo 1. A 1936 Hans Christian Hagedorn na ƙasar Danmak ya gauraya shi da wani sinadari daga kifi mai suna purotamin don ya daɗe yana aiki a jiki, shi ne asalin insulin mai fari-fari kamar tsarkin nono. Amma borin jini bai rabu da mutane ba. A shekarun 1950 da 1960 wasu rahotannin likitoci sun nuna kusan rabin masu allurar suna samun ja ko kumburi a wurin. Dalili biyu ne: akwai sauran tarkace, kuma insulin ɗin dabba ba daidai yake da na mutum ba. Ginin insulin guntaye 51 ne, na alade ya bambanta da namu a guda 1, na saniya a guda 3.

A shekarun 1970 aka samo hanyar tace shi tas. A 1982 kuma aka fara sayar da insulin irin na ɗan Adam, wanda ake sa ƙwayoyin halitta ƙanana, irin su yis na burodi, su ƙera shi a masana'anta. Wanga batu mu riƙe shi da kyau, don akwai masu gudun allurar wai daga alade take. Irin su Actrapid, Insulatard, Mixtard da Humulin ba daga jikin alade ko saniya aka tatso su ba. Yanzu waɗanda jikinsu ke ƙin insulin ba su kai 3 cikin 100 ba, mai tsananin kuwa ya fi haka ƙaranci nesa ba kusa ba. Sau da yawa ma ba insulin ɗin ne jiki ya ƙi ba, abin da aka haɗa shi da shi ne: purotamin, ko sinadarin zinki, ko maganin hana lalacewa mai ɗan warin nan, ko robar murfin kwalba.

Abin da ya shafe mu a nan gida

Mu rarrabe abubuwa huɗu, don mutane na cakuɗa su.

Na ɗaya, ja da ƙaiƙayi da ɗan kumburi a wurin allura, cikin mintoci ko bayan wasu sa'o'i. Wannan shi ya fi yawa, kuma sau da yawa yakan lafa cikin ƴan makonni. Kada a bar allurar. A je CSI a nuna wa malaman asibiti, a tafi da kwalbar da sirinjin. Wani lokaci laifin yadda ake yin allurar ne: ba ta shiga ƙarƙashin fata sosai ba, ko insulin ɗin da sanyinsa aka yi shi daga firigo.

Na biyu, mai haɗarin: borin jini a duk jiki, leɓe ko harshe ko fuska su kumbura, maƙogwaro ya shaƙe, numfashi ya riƙa fito, jiri har faɗuwa, jim kaɗan bayan allura. Wannan ba a jiran gari ya waye, ba a tsayawa jiƙe-jiƙe ko hayaƙi. A nemi babur ko mota a kai shi asibiti mafi kusa nan take, akwai allurar adirenalin da ke ceton rai.

Na uku, faɗuwar sukari, wadda ba borin jini ba ce ko kaɗan. Mutum ya yi allura bai ci abinci ba, ko ya wuni a gona: sai gumi, rawar jiki, yunwa, bugun zuciya, ruɗewa. In yana iya haɗiya a ba shi sukari ƙwaya 3 ko abin sha mai zaƙi, sannan ya ci abinci. In ya suma kada a ɗura masa komai a baki, a ruga da shi asibiti.

Na huɗu, ƙullutu mai tauri saboda yin allura wuri ɗaya kullum, ko maruru mai zafi da mugunya saboda allurar da ta tsufa ko ta yi dauɗa. Maganinsa a riƙa canza wuri tsakanin ciki, cinya da damtse, a wanke hannu, kada a yi tarayya da kowa a allura.

In har ta tabbata jiki ne ya ƙi maganin, likita na da dabaru. Zai iya canza irin insulin ɗin, ya haɗa da maganin borin jini, ko a kwantar da mutum a riƙa ba shi ɗan mitsitsi ana ƙarawa sannu a hankali har jiki ya saba. Daga CSI ana iya tura mutum asibitin Mayahi ko na Tasawa, in ta kama har Maraɗi. Abin da ba a so shi ne mutum ya yanke wa kansa hukunci ya ajiye allurar. Mai iri na farko in ya bari, cikin kwana ɗaya zuwa ƴan kwanaki yana iya faɗawa amai, numfashi sama-sama da doguwar suma.

Ƴan uwa na ci-rani, ku da ke aiko da magani, Allah ya saka da alheri, amma ku kula. Ku sa a ɗauko muku hoton kwalin da likita ya rubuta ta WhatsApp, ku sayi irinsa daidai a farmasi. Insulin akwai mai ƙarfin 40 akwai mai 100, kowanne da sirinjinsa, in aka cakuɗa mutum zai yi wa kansa fiye da kima ko ƙasa da kima. Kada a sa shi a bayan mota cikin rana, kada kuma ya daskare. Ga wanda ba shi da firigo, wani bincike da ƙungiyar likitoci ta MSF da jami'ar Janeba suka fitar a 2021, daga sansanin ƴan gudun hijira na Dagahaley a Kenya, ya nuna kwalbar da ake amfani da ita na riƙe ƙarfinta mako 4 a zafin da ke hawa da sauka tsakanin digiri 25 da 37. Amma zafinmu na bazara na wuce haka, don haka a sa kwalbar cikin ƙaramin tulu, a dasa shi cikin yashi mai laima a inuwa, kada ruwa ya taɓa murfin.

Banting ya sayar da haƙƙinsa dala 1, amma yau kamfanoni uku ke riƙe da fiye da kashi 90 cikin 100 na kasuwar insulin, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan rabin manya masu iri na biyu da ke buƙatarsa ba sa samu. Mun san gidajen da ke sayar da akuya ko buhun wake kafin su sayi kwalba. Wanda ya sha wagga wahala ya samo maganin, kada ƙaiƙayin fata ya sa ya jefar da shi bai ga likita ba. Ku karanta wa dattawan gida da ba su iya karatu ba, ku tura wa wanda kuka san yana allurar.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti, ya dawo mana da matafiyanmu lafiya. Mu kwana nan, sai wani jiƙon.